Kun ɓare walfefa a kicin? Ga yadda ake shirya bangon kafin fenti da tayil

Bayan ƙaramar sallah ƙanwata da ke aure wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina ta kira ni, wai Yaya na ɓare walfefan kicin ɗin nan tas, gobe ka zo ka shafa mani fenti kawai, mai tayil kuma jibi zai zo ya yi mani wajen sink da bayan risho. Walfefan tun na jere ne, 'yan uwa suka sa aka liƙa mata shi lokacin biki, ya yi kyau shekarar farko, daga baya tururin girki ya bi shi yana ɗagawa ta gefe-gefe, bayan kabod kuma ya koma gidan kyankyasai. Da na je ban ce mata komai ba, na ce ta miƙo mani kofin ruwa, na watsa a bango na jira kamar minti 2 sannan na ce ta shafa da tafin hannunta. Tana shafawa ta ce kai Yaya wannan ai yauƙi ne kamar miyar kuɓewa. Na ce to gam ɗin ke nan, takardar kawai kika cire, shi yana nan daram, kuma duk fentin da aka ɗora mashi ba zai yi ƙarko ba.

Sana'ata ce fenti, kuma abin yana damuna ƙwarai in ga mutum ya kashe kuɗi a bokitin fenti mai kyau da tayil mai tsada, wata ukku bango ya fara ɓarewa kamar saɓar maciji, a ce kaya ne ba su da kyau alhali bangon ne ba a shirya ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan yadda muke yi tun daga farko, ko da kanku za ku yi ko ma'aikaci za ku kira, aƙalla ku san abin da za ku tsaya a kanshi.

Kafin ruwa ya taɓa bango a fitar da tukunyar gas waje, a kwashe kayan abinci da kwanuka, abin da ba ya ɗaukuwa a lulluɓe shi da leda, ƙasa ma a shimfiɗa leda ko tsofaffin buhuna don gam ɗin da za a kankare in ya bushe a kan tayil ɗin ƙasa wani sabon aiki ne. Wuta kuma a kashe ta daga babban makunni ko da an ɗauke, don ana iya kawowa kuna tsaka da jiƙa bango, soket da makunni a rufe su da leda da salatif. Dan Allah kar a yi wasa da wannan.

Sannan ku ɗauki fensir ko gawayi ku ja layi a bango, nan tayil ne, nan fenti ne. Tun yanzu ake yin wannan saboda wuraren biyu ba abu ɗaya suke so ba, fenti yana son bango mai sulɓi kamar faranti, tayil kau yana son bango mai kaushi da ƙarfi wanda siminti zai samu abin kamawa. Mafi yawan ɓarnar da nake gani daga nan take, a bi bango gaba ɗaya da sikiridin, wato farin kwaɓin da ake shafe bango da shi kafin fenti, ya yi sumul sannan a kira mai tayil ya ɗora a kai. Galibi tsayin teburin kicin daga ƙasa wajen santimita 90 ne, tsakaninshi da kabod ɗin sama kuma wajen 50 zuwa 60, to wannan tsakanin dole tayil ne, bayan abin girki kuma ni nakan ce a ɗaga shi sama sosai in da hali, don mai ba ya tsayawa inda aka ja mashi layi.

Wankin gam

Nan ne aikin yake, kuma nan ne kowa ke son tsallakewa. A dafa ruwa ya yi zafi daidai yadda hannu zai iya jurewa da safar roba, a zuba ɗan sabulun wanke-wanke na ruwa ko ɗan omo, wasu na ƙara binega kaɗan, yana taimakawa. Da soso ko rola ake jiƙa bangon, amma ba duka a lokaci ɗaya ba, ku ɗauki kamar faɗin tabarma ɗaya, ku jiƙa, ku bari minti 10 zuwa 15 ya sha, in ya fara bushewa ku ƙara jiƙawa, sannan ku sa sikirafa, wato faffaɗan ƙarfen kankare bango, ku kwantar da ita kuna turawa sama, gam ɗin zai riƙa taruwa a bakinta kamar kunu, ku goge a tsumma ko kwali, kar ku mayar cikin bokitin. A zafin Katsina na watan Afrilu da Mayu bango na shanye ruwa nan take, to ku rage faɗin wurin da kuke jiƙawa, ko ku manna leda a kai bayan kun jiƙa don ta riƙe danshin, wannan dabarar tana aiki sosai.

Akwai bambanci tsakanin gam da gam. Na walfefa zalla, wanda ake kwaɓawa daga gari, yana narkewa da sauƙi. Amma masu liƙawa da yawa a nan suna haɗa shi da farin gam ɗin kafintoci irin su Top Bond don ya ƙara riƙo, musamman a bakin layi da kusurwa, shi wannan ba narkewa yake ba, laushi kawai yake yi ya zama kamar danƙo, sai an jiƙa sau biyu sau ukku ana ɓanɓarowa. In kun ga wani wuri yana sheƙi ya ƙi fita to shi ne, ku yi haƙuri da shi, kar ku soki bangon da bakin sikirafa kuna huda filasta. Wata sa'a kuma fuskar walfefan ta roba ce take fita ta bar farar takarda ta baya a manne, mutum ya ɗauka bango ne, ita ma jiƙa ta ake a kankare.

Bayan kankara sai ɗauraya da ruwa mai kyau, ana canza ruwan akai-akai, in ba haka ba gam ɗin kawai kuke yaɗawa daga nan zuwa can. Gobe da safe ku sake gwajin nan na kofin ruwa a wurare da dama, musamman sama kusa da silin da bayan ƙofa da gefen taga inda hannu ke kasala. Duk inda kuka ji santsi a koma. A kicin ɗin ƙanwata sau ukku muka wanke bangon da ke bayan risho kafin hannu ya ji kaushin bango zalla.

Shi bangon kicin ba gam kaɗai ke jikinshi ba, akwai maiƙo, manja da man gyaɗa na shekaru sun bi ta bakin walfefan sun shiga, in kuma ana amfani da risho ko gawayi ga hayaƙi. Yadda za ku gane shi ne ku yayyafa ruwa, in ya tsaya ɗigo-ɗigo yana gangarowa bai shiga ba akwai mai, a sa omo mai ƙarfi da ruwan zafi da buroshi a dirje a ɗauraye. In kun tarar da baƙin tabo ɗigo-ɗigo mai warin ruma, wannan fumfuna ce, a surka bilic irin su Jik ko Hypo da ruwa, kamar kashi 1 cikin ruwa kashi 3, a shafa a bar shi kamar minti 15 sannan a ɗauraye, taga a buɗe, yara a waje, kuma kar a kuskura a haɗa bilic da binega ko ruwan wankin banɗaki, hayaƙin da yake fitarwa guba ne. Saboda haka in kun yi amfani da binega wajen cire gam sai an ɗauraye tas kafin bilic ya zo.

Daga nan a bar bango ya bushe. Da rani ko hunturu kwana 2 sun isa, da damina musamman watan Agusta ku ba shi 4 ko 5. Gwaji mai sauƙi, ku yanko leda kamar faɗin tire ku manna ta a bango da salatif ta kowane gefe kar iska ta shiga, ku bari kwana guda, in kun ɓare kun ga raɓa a cikin ledar ko wurin ya yi duhu to da sauran ruwa a ciki. In kwanaki sun wuce wuri ɗaya ya ƙi bushewa, ba ruwan wankinku ba ne, ko dai fayif ke yoyo a cikin bango, ko banɗaki ne a bayan, ko ruwan indararo ke dukan bangon daga waje, ko danshi ke tasowa daga ƙasa, shi wannan za ku ga farin gari kamar kanwa yana fitowa a gindin bango. Farin garin da busasshen buroshi ake share shi, ba a wanke shi da ruwa don komawa ciki yake ya sake fitowa. Kuma sai an tare ruwan daga inda yake zuwa, a kira fulamba ko magini, in ba haka ba tayil zai ɓoye danshin ne kawai ya tura shi sama ya fito a kan fentin.

Binciken bango

Yanzu ku ɗauki makulli ko ƙotar guduma ku bi bangon kuna ƙwanƙwasawa. Inda filasta ya kama bulo ƙarar a dunƙule take, inda ya saki za ku ji kamar ana buga ƙwarya. Ku zagaye wurin da fensir. A ɓangaren fenti in ɗan ƙaramin wuri ne kuma bai tsage ba ana iya ƙyale shi, amma a ɓangaren tayil babu sassauci, a fasa a sake, don nauyin tayil zai janyo shi ƙasa gaba ɗaya wata rana.

Masu gidajen cikin birni, wajen Gobarau da unguwannin da ke kewaye, ku kula da wannan sosai, gidaje da yawa ginin ƙasa ne aka bi da shafen siminti, ido ba zai gane ba. Siminti da ƙasa ba sa haɗuwa da kyau, da ma a ɗofane yake, to kar ku yi ta kwarara ruwa wajen wankin gam, soso a matse, kuma kafin tayil gara a ɓare tsohon shafen a kafa ragar waya da ƙusoshi a sake filasta a kanta. Ni a irin wannan bangon ba na ba da shawarar manyan tayil masu nauyi.

Sai tsohon fentin da ke ƙarƙashin walfefan. Ku shafa tafin hannu, in ya fito fari kamar an taɓa alli fentin ya mutu, a wanke ko a kankare shi. In bai yi gari ba ku sa reza ku tsaga layuka a gicciye, ku manna salatif ku danna ku fizge, in fenti ya biyo shi da yawa to ba ya riƙe da bango, duk abin da aka ɗora mashi tare za su sauko. In kuma fentin mai ne mai sheƙi, fentin ruwa ba ya kama shi sai an goge sheƙin da sanfefa an sa andakot, wato fentin da ake fara sawa a ƙarƙashin na sama. Wajen goge tsohon fentin mai a sa takunkumi a ɗan jiƙa sanfefan, don wasu tsofaffin fentin mai suna da dalma a ciki, ƙurar tana cutar da yara da masu ciki ƙwarai, a share da jiƙaƙƙen tsumma ba tsintsiya ba.

Duk wani aikin fasa bango yanzu ne lokacinshi. In kuna son ƙarin soket don bilenda ko firij, ko a matsar da famfo, ko a huda wurin fankar fitar da hayaƙi, a kira mai wayarin da fulamba su gama nasu, a buɗe ruwa a gwada fayif ɗin kwana guda kafin a rufe ramin. Ba abin da ke ci mani rai kamar a gama tayil a dawo ana fasawa saboda soket ɗaya.

Ramukan ƙusa da tsagar da ba ta wuce siririn gashi ba foti, wato kwaɓin cike ramukan bango, ya ishe su. Tsaga mai ɗan faɗi sai an ƙara buɗe bakinta da kurfi ko bakin sikirafa, a share ƙurar, a jiƙa, a cusa kwaɓin siminti kashi 1 da tankaɗaɗɗen yashi kashi 4. Wadda ta bi ta karkace daga kusurwar taga ko ƙofa har ana ganinta ta waje, kuma ko an toshe tana sake buɗewa, wannan ba ta mai fenti ba ce, ginin ne ke motsi, a nemo wanda ya san gini ya duba. Duk facin siminti a riƙa yayyafa mashi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 3, in da hali har mako, da hunturu ma ya fi buƙata don iskar tana busar da shi kafin ya yi ƙarfi, sai ya tsattsage ya riƙa zubar da yashi. Babban filasta sabo kau sai ya samu wajen kwana 28 kafin fenti, na san yana da wuya a ce wa uwargida ta yi wata tana girki a tsakar gida, amma sabon siminti yana cin fenti, musamman na mai.

Ɓangaren tayil

Cikin layin da kuka ja, duk abin da ba filastan siminti ba ne ya sauka, fenti, foti, sikiridin, duka. Dalili shi ne sikiridin yawanci da POP, farin garin nan da ake yin silin da shi, ake haɗa shi, shi kuma POP in ya ji ruwa laushi yake yi, ga shi ba sa shiri da siminti, in sun haɗu cikin danshi wani gari-gari ne ke fitowa a tsakaninsu ya raba su. Tayil ɗin zai kama kamar gaske ranar farko, bayan wasu watanni ku ji yana ƙara in an ƙwanƙwasa, wata rana ya faɗo da farin abu manne a bayanshi. Bayan kankarewa a sassare bangon da guduma mai baki ko kurfi, sara kusa da kusa kamar tazarar yatsu biyu zuwa ukku, ba a yi guda goma a ce an yi ba. A share, a wanke ƙurar.

Sannan a ɗora dogon katako miƙaƙƙe ko ƙarfen alminiyon mai mita 2 a tsaye da kwance a leƙa ƙarƙashinshi. In da gam ɗin tayil na buhu za a yi aiki, ratar kar ta wuce milimita 3, don shi siriri ake shafa shi da cokali mai haƙora, ba a cike rami da shi, in bangon ya yi ciki ko ƙusumbi a daidaita da filasta tukuna a bari ya yi ƙarfi. In da siminti da yashi ne akwai ɗan sarari na gyarawa, amma a jiƙa bangon kafin a fara, tayil ɗin siramik kuma a tsoma shi a ruwa ya sha a tsame. Tayil ɗin foselin kau ba ya shan ruwa, saboda haka kwaɓin siminti zalla ba ya riƙe shi da kyau a bango, gam ɗin tayil ake sa mashi. Abu ɗaya da zan roƙe ku ku tsaya a kanshi, kar mai tayil ya yi maku ɗige-ɗige, wato dunƙule huɗu ko biyar a bayan tayil a manna, bayan ya zama rami, nan kyankyaso ke haihuwa kuma nan tayil ke fashewa ranar da za a huda a rataye ludayi. A cika bayan.

Kar a yarda da ƙasan kicin ko saman tebur a ce a miƙe suke, a ja layi da lebur, wato ma'aunin daidaito na magina, ko tiyon ruwa a kewaye ɗakin, daga shi ake farawa. Lissafin ma ba wuya, bango mai tsawon mita 3 da tsayin santimita 60 ya zama sikwaya mita 1.8, tayil mai 30 da 60 guda 10 ke nan, sai a ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, kuma ku duba kwalayen su zama lamba ɗaya don launi kan ɗan bambanta, ku ajiye guda 2 ko 3 a sito. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakani, a jira kwana guda kafin a cike layukan, inda tayil ya haɗu da tebur da sink kuma silikon ake sawa don siminti tsagewa yake a wurin.

Ni tsarina a gama tayil tukuna, a lulluɓe shi da leda a bi bakinshi da salatif, sannan mu shiga namu, don yankan tayil ƙura gare shi kuma kwaɓi na fallatsa.

Ɓangaren fenti

Bango ya bushe, ba gam, ba maiƙo. A fara da firama, wato shafar share fage da ke sa fenti ya kama bango, sabon faci a sa mashi wadda aka yi don sabon siminti. Inda tabon hayaƙi ko na mai ya ƙi fita duk da wanki, andakot na mai ake shafa wa wurin ya toshe shi, in ba haka ba ko shafa biyar kuka yi na fentin ruwa rawayan tabon zai biyo ya fito. Haka in kuna shakkar akwai ɗan sauran gam a wani lungu, andakot na mai ya fi aminci, don fentin ruwa farfaɗo da gam yake ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani.

Sikiridin a yi shi siriri sau 2, na farko ya bushe kafin na biyu, mai kauri sau ɗaya tsagewa yake. A goge da sanfefa mai lamba 120 a bi da 180, a naɗe ta a ɗan katako don kar yatsu su bar kwari. Da magariba ku kashe fitila ku kwantar da tocilar waya a jikin bango ta haska ta gefe, duk wani tudu da rami da layin cokali zai fito da inuwarshi, ku yi mashi alama da fensir a gyara da safe. Ƙanwata da ta ga haka ta ce Yaya ashe da rana ido ƙarya yake yi, wuri 7 muka samu a bangon da muka ɗauka ya gama. Sai a share ƙurar da tsumma mai ɗan danshi, a sake bin sikiridin ɗin da firama ko fentin da aka surka da ruwa don yana da ƙishi, in ba a yi ba zai shanye shafar farko ta fito dabbare-dabbare.

Fentin kicin ya zama wanda ake iya gogewa da soso, satin ko silk, imolshan mai arha a nan ba ya jure tururi, duk gogewa ɗaya sai ya biyo tsumma. Shafa 2, a bi tazarar da aka rubuta a jikin bokitin, galibi awa 4 ko fiye, kar a tsuga ruwa fiye da abin da aka ce don ya yi auki. Ranar da ƙurar hunturu ta taso a rufe tagar da ke fuskantar iska a bar ƙofa, da zafi kuma a fara da sassafe kafin bangon ya ɗauki rana. Salatif ɗin bakin tayil a cire shi tun fentin bai gama ƙanƙamewa ba don layin ya fita tsaf. Kwana 2 bayan nan ana iya dawo da girki da taga a buɗe, amma kar a sa soso a bangon sai ya yi kamar mako 3 zuwa 4, lokacin ya gama ƙarfi. Na ƙanwata da ta so a gama a kwana 2, kwana 12 ya ɗauke mu don facinta ƙanana ne, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka mayar mata da tukunyar gas ciki.